Mai lamba ko mai labari, wa za ku ba alƙalamin ƙungiya?

Wani ƙanen abokina da ke riƙe da sakataren wata ƙungiyar matasa can wajen Jega ya kira ni shekaranjiya, wai "Yaya, na ji kun taɓa sa ana rubuta muku ƙasida kan shugabanci kuna karantawa a mitin, mu ma muna so mu fara, amma mutum biyu ne suka miƙa hannu kuma mun rasa wanda za mu ba." Na ce to kwatanta min su. Yana fara kwatance na fashe da dariya don wallahi kamar namu ya leƙo, ɗaya mai jera magana da lamba, ɗaya kuma mai kawo labari. Katina ya kusa ƙarewa, sai na ce masa bari in zauna in rubuta abin da muka gani, in ya so ya kai wa mutanensa su yanke da kansu.

Mu dai ƙungiyar manoman shinkafa ce, a fadamar da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Duk wanda ya san jihar nan ya san abin da ya faru bayan Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki, wanda ake ce wa Anchor Borrowers. Bashin ta ƙungiya ake bi, don haka dare ɗaya ƙungiyoyi suka tsiro kamar ciyawar farkon damina, mutanen da ko makullin masallaci ba su taɓa riƙewa ba suka wayi gari ana kiran su ciyaman, sakatare, ma'aji. Da abu na tafiya daidai ba wanda ya damu. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonaki ita ta tone mu, aka shiga zargin juna, wa ya ci me, wa ya sa sunan ɗan uwansa, har mutum biyu da suke sahu ɗaya a masallaci suka daina gaisawa. A nan ne wani cikinmu ya kawo shawara a riƙa rubuta shafi biyu kan riƙon jama'a, a karanta duk wata bayan an gama karanta minti.

Na farkon da ya fara rubuta mana matashi ne, ya yi karatu a foli, yana aikin ofis, mai tsafta da kiyaye lokaci. Shi nake kira mai lamba. Takardarsa kullum da kanu kamar "Halaye 7 na shugaba nagari" ko "Matakai 5 na warware rikici", an buga a kwamfuta, shafi ɗaya da rabi, ba ƙari ba ragi. Na biyun tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya ya koma gona, da biro yake rubutu a takardar da ya yago daga littafin ɗalibai, shi ne mai labari.

Abin da na fara lura da shi shi ne mutanenmu da kunne suke auna rubutu. Rabin waɗanda ke zama a mitin ba su ne ke karantawa ba, karanta musu ake yi, ƙarƙashin dogon yaro bayan la'asar, ga hayaniyar yara ga mashin na wucewa. Takardar mai lamba tana da sauƙin karantawa a fili, gajerun jimloli, ka san inda za ka ja numfashi, kuma in hankalin mutum ya tafi a lamba ta uku zai iya dawowa a ta biyar bai yi asarar komai ba. Ta mai labari kuwa in ka rasa farkon ka rasa duka, kuma mai karantawa sai ya yi da gaske don Malam yakan ja jimla ɗaya layi huɗu ba aya. To amma ga abin mamaki, lokacin da ake karanta ta mai lamba ne za ka ga ana duba waya, ana miƙa wa juna goro, lokacin ta Malam kuma har mai shayi yakan rage wuta ya matso.

Bari in ba ka misali da abu ɗaya da dukansu suka taɓa rubutu a kai, wato sadaukarwa. Mai lamba ya rubuta cewa shugaba nagari yana fifita jama'a a kan kansa, ya kawo Mandela da ya yi shekara 27 a kurkuku ya fito a 1990 bai ɗauki fansa ba, ya ƙara da wani mai kamfani a Amurka. Duk gaskiya ne, ba wanda ya yi musu, aka ce madalla aka wuce zuwa maganar kuɗin fetur na injin ban ruwa. Malam shi kuma da ya zo kan wannan maganar sai ya ba da labarin ranar da aka kawo taki a wata ƙungiya, buhu ɗaya ya yage a cikin mota ya zubar da kusan tiya uku, kowa ya ga buhun kowa ya kawar da kai, ciyaman bai ce uffan ba ya ci gaba da kiran suna ɗaya bayan ɗaya har aka gama, sannan ya ja yagaggen buhun da kansa, ya toshe bakin da leda, ya ɗaure a bayan mashin da roba ya tafi. Nan Malam ya tsaya. Bai ce ga darasi ba, bai ce ku yi koyi ba. Wallahi sai da muka yi fiye da rabin awa ana gardama, wasu na cewa adalci ke nan, wani ya ce a'a neman suna ne, kamata ya yi a buɗe buhunan a raba asarar kowa ya ɗauki kaɗan, wani kuma ya ce ai ciyaman ɗin ya cuci iyalinsa. Har yau in abu ya lalace a wajen rabo za ka ji an ce "wa zai ɗauki yagaggen buhu?"

Wani dattijo da muke kira Baba, wanda ba ya karatun boko amma ba a yanke magana sai an ji ta bakinsa, shi ya fi kowa taƙaita abin. Bayan an karanta ta mai lamba wata rana sai ya ce, "Wanga yaro shina da ilimi, amma wa shika yi ma magana?" Aka yi dariya, amma ni tambayar ta tsaya min a rai, don na gane da ita mutane ke gane salon marubuci ko da ba su san kalmar salo ba. Takardar mai lamba za ka iya kai ta Legas, ka kai ta Abuja, ka ba ma'aikatan banki ko 'yan ƙwallo, ta zauna daram. Wannan ƙarfinta ne, kuma nan rauninta yake, don ba ta san fuskar kowa ba. Ta Malam kuwa ko ba suna a jiki, layi biyu za a karanta ka ji Baba ya ce "wagga ta Malam ta", kamar yadda ake gane makaɗin fada daga amshi tun kafin ya buɗe baki.

Kar ka ɗauka na gama yanke hukunci, don mai lamba ma yana da ranarsa, kuma babba. Wata guda ya bar maganar halaye da hangen nesa ya rubuta "Abu 5 da ma'aji zai yi kafin ya bar wurin mitin": a ƙirga kuɗi gaban mutum biyu, a rubuta a littafi, su sa hannu, a ɗauki hoton shafin da waya, a kai banki washegari a kawo takardar shaida mitin na gaba. Shi ke nan. Wannan takardar ita kaɗai ce a cikin duk abin da aka taɓa rubuta mana aka manna a bango, kuma wata uwar adashi a unguwarmu ta aiko ɗanta ya karɓar mata kwafi. Da Malam aka ba wannan aikin da sai ya ba mu labarin wani ma'aji da akuyarsa, mu ji daɗi, mu tashi ba wanda ya san wa zai sa hannu a ina. Don haka in abin da ke damun ƙungiyarku tsari ne, kuɗi na shiga ba a san inda suke fita ba, ba a rubuta minti, ba a san wa ke kiran mitin ba, to mai lamba kuke buƙata, amma ku ce masa ya sauko daga kan Mandela ya zo kan littafin ma'aji.

Shi kuma Malam matsalarsa ba ƙarama ba ce, kuma gara ka sani tun yanzu. Labarin gida yana da kaifi. A gari irin namu da kowa ya san kowa, ko ka canja suna ka canja unguwa sai an ce da wane ake. Akwai ranar da ya ba da labarin wani ma'aji da ya ranta wa surukinsa kuɗin ƙungiya da niyyar zai mayar kafin kaka, ana cikin karantawa na ga idanu sun fara juyawa wajen mutum ɗaya, shi kuwa bawan Allah ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Malam ya rantse labarin na wani gari ne tun yana koyarwa, na kuma yarda da shi, amma mutumin nan sai da ya yi wata biyu bai taka mitin ba, sai da muka je har gida mu uku muka ba shi haƙuri a zaure. Mai karatu a nan in ya ji labari tambayar farko da ke zuwa masa ita ce da wa ake, ta biyu kuma wa ya aiko shi, balle in siyasa ta gabato. Da zarar an sa wa marubuci hular habaici to salonsa ya zama makami, ko gaskiya ya faɗa ba za a ji ba. Takardar mai lamba ba ta taɓa jawo mana wannan ba, don ba ta taɓa kowa.

Sai ƙananan abubuwa. Malam ba ya kawo aiki kan lokaci, sau biyu muna zama ba takarda, kuma sai an nemi mai iya karanta rubutun hannunsa. Wani lokaci kuma karin magana kan yi masa yawa, ya jera uku a sakin layi ɗaya har ka manta abin da ake magana a kai, matasa su fara murmushi. Mai lamba kuwa bayan wata huɗu ya fara maimaita kansa, gaskiya, riƙon amana, hangen nesa, sai dai ya sauya musu lamba, kuma Hausarsa a wasu wurare kana jin Turanci na motsi a ƙarƙashinta kamar kifi a ruwa mara zurfi, ka ji jimla daidai take amma ba wanda ke magana haka a kasuwa.

Akwai wata gardama da ta taso tsakaninsu da nake so in tsaya a kanta, don ita ta buɗe min ido. Wani ya ce wa mai lamba wannan jere-jeren naka ai na Turawa ne, mu da labari da karin magana aka san mu. Sai yaron ya ba da amsar da ban zata ba, ya ce a je a duba Usulus Siyasa na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ai shi ma ginshiƙai bakwai ya jera. Kuma gaskiyarsa. Jera magana babi-babi tsohon abu ne a wurin malamanmu, ba baƙo ba ne. Amma da na koma na yi tunani sai na ga inda bambancin yake. Bello ya san wanda yake rubuta wa, Umaru Dallaji ne Sarkin Katsina, mutum guda da ke da ƙasa a hannu, shi ya sa a ciki za ka ga maganar kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta, da gyaran kasuwanni da hanyoyi, abubuwan da mai sarauta zai tashi da safe ya tarar a ƙofar gidansa. Haka Malam Abdullahin Gwandu, wanda hubbarensa ke nan kusa da mu. Bayan an fara jihadi a 1804, da ya ga son duniya ya fara shiga cikin jama'a sai ya kama hanyar gabas da niyyar Makka, ya yada zango a Kano, mutanen Kano suka riƙe shi suka nemi ya rubuta musu yadda za su tafiyar da mulki, a nan ya rubuta Diya'ul Hukkam. Tun kafin su ma Al-Maghili, malamin nan da ya zo daga Arewacin Afirka, don Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya rubuta nasa, yana ta komawa kan gargaɗi guda, cewa babbar musiba ita ce sarki ya ɓuya wa talakawansa. Dukansu akwai wanda ke zaune a gabansu lokacin da suke rubutu. Ka ga ashe tambayar Baba ce dai ta dawo, wa shika yi ma magana. Lamba ba laifi ba ce, laifin a jera ta ga mutumin da ba a sani ba.

Wannan ya kawo ni kan nau'i na uku da wataƙila za ku ci karo da shi, mai salon wa'azi, wanda zai cika takarda da aya da hadisi da tarihin Sayyidina Umar. Mutanenmu suna girmama wannan ƙwarai, ba mai duba waya, ba mai musu. Sai dai na lura kowa yakan ji wa'azin ya dace da maƙwabcinsa, ciyaman na kallon ma'aji, ma'aji na kallon sakatare. In mai rubutun malami ne na gaske da ya san mutanen kuma ya iya saukar da maganar kan rabon taki, to ba kamarsa. In kuwa haddar ce kawai, gara ku bar wa limamin Juma'a.

Ka kuma duba su wa ke cikin ƙungiyar taku. Kebbi ba gida ɗaya ba ce, masarautu huɗu ne, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, ga Zabarmawa ga Fulani ga Dakarkari ga Kambari ga Gungawa. Malam da Hausar yamma yake rubutu, munka, sunka, wanga, wagga, mu a nan daɗinta muke ji kamar fura da nono mai sanyi, kuma rabin abin da ke sa a gane shi ke nan. Amma da wani abokinmu ya tafi da ɗaya daga takardunsa wajen Zuru ya dawo ya ce an yi ta tsayar da shi ana tambayar ma'anar kalmomi. Ta mai lamba da ke daidaitacciyar Hausa irin ta rediyo ba inda ba ta shiga. In ƙungiyarku ta haɗa Musulmi da Kirista ko mutanen da Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, wannan abin lura ne sosai, kuma ya shafi mai salon wa'azi ma.

Wani abu da masu sauraro ke yi wanda marubuta ba su cika sani ba, suna auna takarda da mai ita. Za a ce wane da ke koya mana riƙon jama'a, shi me ya taɓa riƙewa? Malam ya yi shekaru yana hedimasta, ya raba faɗan iyayen yara, ya san zafin a zage ka kan abin da ba ka ci ba, kuma ana jin wannan a rubutunsa, don ba ya zana shugaba kamar waliyyi, nasa shugaban yakan ji tsoro, yakan yi kuskure, yakan ɓoye wa matarsa cewa shi ya cika kuɗin da suka ɓace. Na mai lamba shugaba ne da ba ya gumi. Ba laifinsa ba ne, shekaru ne, kuma na ga ya fara canjawa tun da aka ba shi riƙon kwamitin fetur aka zage shi sau biyu, takardarsa ta bayan nan ta fi duk na baya rai.

To ƙanena, in kuna so ku raba gardama ba tare da kun ɓata wa kowa ba, ga abin da muka yi. Ku ba su batu ɗaya, misali yadda za a yi da ɗan ƙungiya da ya ƙi biyan kuɗin wata amma ɗan uwan ciyaman ne. Kowa ya rubuta shafi ɗaya, a buga duka biyun a kwamfuta don kar rubutun hannu ya tona, a cire suna, a ba mutum na uku ya karanta a fili. Kar ku tambayi kowa wacce ta fi daɗi a ranar, don kunya za ta sa a ce duka sun yi. Ku bari sai mitin na gaba ku tambaya me aka riƙe, sannan ku tambaya me aka aikata. Mu da muka gwada, ta Malam aka riƙe, har da muryar mutanen cikin labarin ake kwaikwaya, amma matakin da aka ɗauka a kan masu bashi daga ta mai lamba aka ɗauko shi kusan kalma da kalma.

Ni in ka matsa min in zaɓi ɗaya tilo, mai labari zan ɗauka, saboda ciwon ƙungiyoyinmu yawanci na zuciya ne da zumunci, yadda za ka ce a'a ga kawunka, yadda za ka karɓi zagi ba ka watsa taro ba, kuma wannan ba ya shiga lamba. Amma zan kafa masa sharaɗi, kowane labari sai mutum biyu sun karanta kafin ranar mitin su tabbatar ba ya kama da kowa a garin, kuma kar ya wuce shafi biyu. Mu a ƙarshe ba mu kori kowa ba, Malam na yin wata biyu mai lamba na yin ɗaya, kuma yanzu yaron ne ke zuwa gidan Malam ya karɓi takardar ya buga masa a kwamfuta, yana sa masa aya a inda numfashi ke ƙarewa, Malam na faɗan ya taɓa masa "munka" ya mayar "muka". Na watan nan ma har yanzu bai kawo ba, wai yana fadama yana dashe.